Ranar da Kawu Mamuda Ya Zo Jin Kiɗana

Kwanana uku da sauka Guangzhou aka cuce ni, kuma a kan fiyano, abin da na shekara tara ina cin abinci da shi a Kano. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni tun daga tafin ƙafa.

Sunana Sanusi, 'yan situdiyo na ce min Sanusi Fiyano. Aikina a gida shi ne haɗa kiɗan waƙoƙin biki: a kawo sunan ango da amarya da na uwar amarya da ƙawayenta, mawaƙi ya jera su, ni kuma in shimfiɗa masa kiɗa a ƙasa. Ina cikin rufin asirina wani abokina ya tura min wasu tsofaffin kaɗe-kaɗe na baƙaƙen Amurka a waya, irin wanda ake kira firi jaz. Kiɗa ne da ba shi da amshi, babu wanda ya san inda aka dosa, kowane makaɗi na sauraron ɗan'uwansa yana ba shi amsa nan take. Na saurara sau ɗaya, na sake, shi ke nan na lalace. Na fara cusa shi kaɗan-kaɗan a waƙoƙin mutane, har ranar da wata uwar amarya ta dawo da waƙar 'yarta, ta ce a tsakiya akwai wurin da kamar an watso kwanuka daga bene. Mai situdiyo ya sallame ni a ranar. Labari ya kai wa Kawu Mamuda, yayan mahaifiyata, wanda ya daɗe a Caina yana loda wa 'yan kasuwar Kano kaya. Ya aiko min da biza da tikiti da saƙo guda ɗaya: in zo in zama mutum.

A unguwar Sanyuanli ya kama min ɗaki, a wani dogon bene da ba shi da lifta. Tagata da ta maƙwabcina sun kusa haɗa baki, har ina ganin abin da ke cikin tukunyarsa, kuma ban taɓa ganin abin da na gane ba. Rana ta uku kaɗaici ya ishe ni, na faɗa kasuwa ina ta ratsa shagunan wando da takalma, sai na ji kiɗa daga wani lungu. Wani siririn mutum ne zaune gaban fiyano sabo fil, yatsunsa na gudu a kai, daɗi na fita.

"Lawban! Lawban!" ya kira ni. Wato maigida. A garin nan duk wanda za a ci kuɗinsa maigida ne.

Na miƙa hannu zan taɓa, ya riƙe ni, ya nuna min zufar da ke tafina, ya nuna fararen madannai yana girgiza kai. Na ji kunya na mayar da hannu aljihu. Ya danna farashi a kalkuleta, na danna nawa, muka daidaita. Guzurina kaf na zube masa, na rungumo kwali a jirgin ƙasa kamar mai ɗauke da jariri. Da na isa ɗaki na jona wuta, na danna madanni ɗaya, sai waƙar nan da na ji a kasuwa ta taso daga farko. Na danna wani, ita ce dai. Na bi su duka, fari da baƙi, babu wanda ya san wata magana sai ita. Ashe bawan Allah yatsu kawai yake kaɗawa a sama, injin na yin aikinsa. Washegari na koma, na tarar da wata mata tana sayar da safa a wurin. Na kwatanta mata mutumin da hannu da ƙafa, ta dube ni ta ce, "Meyo." Babu. Ita ce kalmar Cainanci ta farko da ta zauna min a kai, kuma ban taɓa mantawa da ita ba.

Na ɗauki kwalin na nufi Dengfeng, inda ofishin Kawu yake, ɗaki guda tsakanin mai canji da mai sayar da wayoyi. Na tarar da shi da amininsa Alhaji Tanko, mai sayo lasifikoki da kayan kiɗa yana kaiwa Sabon Gari. Na durƙusa na gaishe su, na zayyana abin da ya faru.

"Ka gwada kafin ka biya?" in ji Kawu.

"Ya gwada min, Kawu."

"Shi ya gwada maka."

Kawu mutum ne da dariya ke masa wuya, amma ranar sai da hularsa ta faɗi. Alhaji Tanko ya jona abin a wuta ya yi ta danna madannai ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da waƙar ta taso sai su sake fashewa. Da suka gaji, Kawu ya share hawaye ya ce, "Saurara, ɗan Binta. A garin nan ba a karɓar kaya sai an gwada, ɗaya-ɗaya, ko da allura ce. Tunda da fiyano aka yi maka wankin ido, da fiyano za ka rama. Alhaji, ga mai gwada maka kaya."

Haka na samu aiki. Duk fiyanon da za a loda a kwantena, sai ya bi ta hannuna a sito. In buɗe kwali, in jona, in bi madannai daga ƙasa zuwa sama, in danna da ƙarfi, in danna a hankali, in ga ko akwai mai maƙalewa. Makon farko na yi shi tsakani da Allah. A mako na biyu na lura da wani abu: babu wanda ya san iyakar gwaji. In na kifa tafin hannu a kan madannai goma, gwaji ne. In na sa gwiwar hannu, gwaji ne. Daga nan na saki jiki, duk abin da ke cikin kaina wanda ya sa aka kore ni a Kano na riƙa zuba shi a sito, fiyano bayan fiyano. Masu kaya su zo su tsaya a kaina, su harɗe hannu, su yi tsit suna gyaɗa kai. In na ɗaga hannu, sai Alhaji Tanko ya ce, "Yaya, lafiya lau ne?" In ce lafiya lau, ko in ce a mayar. Suna yaba ni ƙwarai. Har a masallaci na ji ana cewa ɗan ƙanwar Alhaji Mamuda ba ya barin madanni ko ɗaya bai wahalar da shi ba.

Ta wajen aiki ke nan. Ta wajen zuciya kuwa, watannin farko sun ba ni wuya. Sanyin garin mai laima ne, yana shiga ƙashi, wanki ya kwana uku bai bushe ba. A jirgin ƙasa in na zauna, wani lokacin kujerar kusa da ni ta zauna babu kowa har in sauka. Akwai wani gida a Dengfeng da ake sayar da tuwo a hawa na huɗu, sai ka ƙwanƙwasa an leƙo ka kafin a buɗe, can nake zuwa in ci in ji Hausa. Amma abin da na fi kewa ba abinci ba ne. Garin nan duk hayaniyarsa babu ƙarar turmi. A gidanmu na Fagge da ita nake tashi: Inna mahaifiyata da Goggo da wata maƙwabciya a kan turmi ɗaya suna lugude, taɓarya uku na bin juna. Inna tana da wata al'ada. Sauran mata in sun cilla taɓarya sama sau ɗaya suke tafawa su cafe, ita kuwa sai ta cilla ta da nisa ta tafa sau biyu. A ɗan tsakanin nan gidan kan yi shiru, kowa ya riƙe numfashi, sannan taɓarya ta dawo daidai wurinta. Shekara shida ke nan da rasuwarta. Kawu bai taɓa yi min zancenta ba, iyakarsa ya kira ni ɗan Binta, yawanci in zai yi min faɗa.

Mutum na farko da ya gano ni shi ne Isaka, wani dattijo daga zangon Kumasi mai ɗaure kwalaye a siton. Wata rana ina tsakiyar azabtar da wani fiyano sai na ji ana ba ni amsa daga baya, da tafin hannu a kan kwali. Na canja, aka canja. Na tsaya, aka tsaya. Na waiga, ga Isaka da salatif rataye a wuyan hannu.

"Massa," ya ce, da irin Hausarsu ta Gana, "wannan ba testin ba ne. Ni na buga ganga shekara ashirin a zango, na san mutum da yake magana. Alhajai ɗin nan ba su ji, amma ni na ji shi."

Na roƙe shi ya rufa min asiri. Ya ce zai rufa, in dai zan bar shi ya riƙa sa baki. Shi ne kuma ya ba ni tsohuwar rigar sanyinsa da ya ga ina karkarwa, ya ce ta yi masa kaɗan, alhali na fi shi jiki.

Na ukunmu a wajen titin Liuhua na tsinto shi. Akwai wani lambu mai tafki a can inda tsofaffi ke taruwa, wasu na rawa, wasu na motsa jiki a hankali. Wata Juma'a bayan masallaci ina zagayawa, sai na ji wani kuka daga ƙarƙashin wata 'yar gada, irin na dinya da aka taka wa wuya. Mutane na kaucewa, ni kuwa gabana ya faɗi don murna. Wani tsoho ne da saksafon, ido a rufe, jijiyoyin wuya a tashe. Sunansa Chen, direban bas ne da ya yi ritaya. Da taimakon fassarar waya na gane cewa matarsa ta hana shi busa a gida, matan da ke rawa sun kore shi daga filin, shi ya sa ya koma ƙarƙashin gada. Na kunna masa kiɗana da na ɗauka a waya a sito. Ya saurara har ƙarshe, ya kama hannuna biyu ya riƙe. Ni ma na riƙe nasa.

Chen ne ya kai mu wurin ƙanwar matarsa, Madam Lin, mai shagon kayan kiɗa a wani layi kusa da nan. A saman shagon tana da ɗaki mai ɗaukar mutum kamar arba'in, a tsakiyarsa ga fiyano na gaske, na katako mai tsirkiya a ciki, ba ruwansa da wutar lantarki. Shekara tara ana kirana Sanusi Fiyano, ranar na fara taɓa fiyano. Na danna madanni ɗaya na ƙasa, na ji shi a cikina. Madam Lin ta ba mu ɗakin duk Lahadi da rana, ba ta karɓi ko sisi ba, har shayi take hawo mana da shi.

To, ga ƙungiya ta haɗu, amma babu harshen da mu ukun muke ji tare. Na zama shugaba ne don ni kaɗai ke da hula. Muka yi doka ɗaya: muddin hula na kaina, duk ƙarar da na yi farkon kiɗa ce, a ba ni amsa, in na cire hula, kowa ya tsaya. Sauran kuwa zanawa nake yi a kan yagaggen kwali daga sito. Layi mai hawa, da'ira, ɗigo-ɗigo, wani wurin in zana bas don Chen ya san nan zai yi ham. Na tara irin waɗannan kwalaye sun fi ashirin a ƙarƙashin gadona, su ne littafin waƙoƙina. Ban taɓa jin daɗin rayuwa irin na watannin nan ba.

Madam Lin ce ta tona min asiri, da kyakkyawar niyya. Ta ce lokaci ya yi da za mu yi wasa gaban jama'a, ta buga takardar talla da hotona a gaba, baki buɗe, gwiwar hannu a kan madannai, ta manna a ƙofar shago. Wani ɗan Kantin Kwari da ya zo sayen makirfo ya gani, ya ɗauka a waya, kafin la'asar hoton ya zaga duk 'yan Kano da ke Guangzhou. Kuma abin ya zo daidai lokacin da bizata ta kusa ƙarewa, ga shi ba a sabunta ta sai da wasiƙar kamfanin Kawu.

Ya kira ni ofis, ya sa aka rufe ƙofa.

"Wane ne wannan?" Ya juyo min da wayar.

"Ni ne, Kawu."

"Na ɗauka aljani ne. Da kake Kano na yi shiru, na ce aikin inji ne a cikin ɗaki, babu mai ganinka. Yanzu dandali za ka hau a ƙasar mutane? A zuriyarmu babu makaɗi, babu maroƙi. Ni za ka ja wa magana a kasuwa?"

Ya jawo aljihun tebur ya fito da takardu biyu. Ɗaya wasiƙar sabunta biza ce, ya riga ya sa hannu. Ɗayar tikitin komawa Kano. Ya ce akwai gurbi a shagon ɗansa a Kantin Kwari, in je in riƙa auna yadi. Na san in na koma, na rabu da fiyanon katako da Chen da Isaka har abada, kuma babu situdiyon da zai sake ɗaukata. Ban san inda na samu ƙarfin hali ba, na ce, "Kawu, ka zo ka ji sau ɗaya. In ka ji ka ce in tafi, wallahi ba zan yi musu ba."

Ya dube ni. Sannan ya ninke wasiƙar ya sa a aljihun dama, ya ninke tikitin ya sa a na hagu. "Zan zo. In kiɗa na ji, dama. In shirme na ji, hagu."

Ranar Lahadi bayan la'asar ɗakin ya cika da matasan Caina, yawancinsu ɗalibai, sun zauna tsit tun kafin a fara, ko tari ba sa yi. Sai ga sallama daga matakala, mai ƙarfi. Kawu ne da Alhaji Tanko da wasu alhazai tara, kowa da babbar riga da ƙamshin turare. Suka mamaye layin gaba, sannan suka shiga gaisawa da juna ɗaya-ɗaya, ya kasuwa, ya iyali, ya aka ji da kwastan, alhali a mota ɗaya suka zo. Madam Lin ta yi ta kai musu shayi tana sunkuyawa, suna ce mata "shiyeshiye, shiyeshiye," wato an gode. Da ƙyar aka samu shiru. Na yi bisimilla a zuciyata, na gyara hula.

Ba yabon kai ba, ban taɓa yin kiɗa irin na ranar ba. Na fara a hankali da yatsa biyu, Isaka ya shigo da goga a kan fatar ganga, Chen ya zuba wani dogon nishi. Muka hau, muka sauka, muka rabu kowa ya kama hanyarsa, muka sake haɗuwa a wurin da babu wanda ya shirya. Na sa tafi, na sa gwiwar hannu, na miƙe na tsinki tsirkiyar ciki da farce. Can na saci kallon layin gaba. Alhazai sun harɗe hannu, sun yi tsit, suna gyaɗa kai. Alhaji Tanko har ya taso ya leƙa cikin fiyanon ya koma ya raɗa wa Kawu wani abu, Kawu ya gyaɗa kai shi ma. Na ce a raina Allah Ya yi, na ci mutanen nan da yaƙi. Muka yi kusan minti arba'in, na cire hula, komai ya tsaya cak. 'Yan Caina suka ɓarke da tafi, wata yarinya har tana share ido.

Da tafin ya lafa, Alhaji Tanko ya yi gyaran murya.

"Yaya, lafiya lau ne?"

Ban gane ba da farko. Sai na ga Kawu ya tashi ya zagaya fiyanon yana ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa. Ya dubi Madam Lin. "Lawban, nawa? Amma ki sani tsoho ne, kuma na ji wani madanni can sama yana ɗan nauyi." Ya juyo gare ni fuska a sake. "Ka kyauta da ka gwada shi sosai kafin ka hau, ka fara hankali. To an gwada, madalla. Sai a fara kiɗan, magariba na matsowa."

Alhazai suka gyara zama, wani ya fito da waya zai ɗauka.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara guda ina yi musu wannan kiɗan a sito ina ce musu gwaji ne, sun kuwa yarda da ni ɗari bisa ɗari. Ni na koya musu da hannuna. Isaka ya duƙa bayan gangarsa, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya samu numfashi ya raɗo min, "Massa, buga musu na biki. Kira sunan Alhaji sau uku, ka karɓi takarda naka, mu tafi gida."

Shawara ce mai kyau, kuma zan iya yinta ido a rufe. Na dubi Chen, yana tsaye yana murmushi, bai san me ake ciki ba, leɓensa har ya fashe don busa. Na ga ba zan iya mayar da abin da muka yi gwajin kaya a gabansa ba.

Na ce, "Kawu, an gama. Wannan da kuka ji shi ne kiɗan."

"Wanne?"

"Wannan ɗin. Na sito ma duk shi ne."

Alhaji Tanko ya ce, "Innalillahi," a hankali, mai wayar ya mayar da ita aljihu. Kawu ya dube ni, fuskarsa ta koma irin ta ofis. Na ga hannunsa ya shiga aljihun hagu ya tsaya a can. Ya juya ya nufi matakala, alhazai suka tattara riguna suka bi shi.

Shi ke nan, na ce, sai Kantin Kwari. Na ɗauki hulata na kifa a kai don in tashi, baƙin ciki ya taso min, na dunƙule hannu na naushi madannan ƙasa. Dum!

Na manta da dokarmu. Hula na kaina. Isaka ya ba ni amsa a babbar ganga, dum! Chen ya sauke wata ƙatuwar murya daga ƙasan saksafon, ita ma dum. Don haushi na sake naushi, suka sake amsawa, kowa a bayan ɗan'uwansa. Zagaye na huɗu gashin jikina ya tashi, don na gane abin da nake ji. Taɓarya uku ne a turmi ɗaya. Ban shirya ba, ban zana shi a kwali ba, ga tsakar gidanmu ta Fagge a saman wani shago a Liuhua. Na riƙe shi, na ƙara masa sauri, hannun dama na watsa 'yan ƙananan sautuka kamar tsaba na tsalle daga bakin turmi. Da muka kai wurin da Inna ke cilla taɓarya, na ɗaga hannuwana biyu sama. Isaka da Chen suka ɗauke tare da ni. Shiru.

Daga bakin matakala aka tafa. Sau biyu.

Na sauke hannu daidai wurin, muka ci gaba. Ban waiga ba, tsoro nake ji. Muka sake zagayowa, na sake ɗagawa, aka sake tafawa sau biyu, yanzu kusa da ni. Sai ƙamshin turaren Kawu, sai na ji an manna min takarda a goshi an danna da babban yatsa. Zufa ta riƙe ta, ta rufe min ido ɗaya, da ɗayan na hango tambarin kamfaninsa. Mutumin da ya ce babu makaɗi a zuriyarsa, shi ne ya yi min liƙi gaban 'yan kasuwar Kano goma.

Ya sunkuyo kunnena. "Binta tun tana 'yar shekara tara take yin haka. Sau nawa taɓarya ta fasa mata goshi, ba ta daina ba." Na fara sassauta bugu. Ya ce, "Kar ka tsaya, shashasha."

Alhazai kuwa da suka ga Alhaji Mamuda ya yi liƙi, ai ba a bar shi shi kaɗai ba. Suka dawo suka yi layi, aka shiga manna mana kuɗin Caina a goshi. Chen ya yi ta ja da baya da saksafon a baki, Alhaji Tanko na bin sa har bango. Ɗaliban suka ɗauka duk cikin wasan ne, wani mai gilashi ya taso da natsuwa ya manna wa Isaka rasit ɗin shayi, ya sunkuya, ya koma ya zauna. Madam Lin ta kama baki ta rasa ko ta kira 'yan sanda ko ta ƙaro shayi. Ni kuwa ina bugawa ina kuka, takarda na jiƙewa a fuskata, ga shi babu halin cire hula, don hannu biyu duk suna aiki.

A kan matakala muna sauka, Kawu ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Har yanzu ban ce kiɗa ba ne."

"To, Kawu."

"Gobe akwai fiyano arba'in a sito. Kuma daga yau gwaji minti biyu ne."

Shekara huɗu ke nan. Ƙungiyarmu ta zama mutum biyar, mun yi wasa a garuruwa uku, kwalayena sun cika akwati. 'Yan Kano na kiranmu 'Yan Gwaji, sunan kuma ya bi mu har kan takardar talla. Duk Lahadin farkon wata muna hawa saman shagon Madam Lin, kuma duk Lahadin Kawu na zuwa, ya zauna can baya kusa da matakala. In wani ya tambaye shi me ya kawo shi wurin kiɗa, sai ya ce ba kiɗa ya zo ji ba, fiyanon nan yake son saye, matar ce ta ƙi sauko da farashi. Madam Lin ta faɗa masa meyo ya fi sau talatin. Yakan zauna ya harɗe hannu, fuska a murtuke, har mu zo ƙarshe. In na ɗaga hannuwana sama ɗakin ya yi shiru, ɗaliban duk sun san ba su ne za su tafa ba, sai su jira shi.